Minti Ashirin da Biyar da Barkisu Ta Cire

Barkisu taubashiyata ce, 'yar ƙanwar mahaifina, saboda haka duk abin da zan faɗa a kanta ina da izini tun daga kakanni. Ni sunana Umoru, ina koyar da Larabci a wata makaranta a Asokore Mampong. Ita kuwa, in ka tambayi mutanen unguwarmu a Zangon Kumasi, za su ce maka mai gyaran waya ce, su nuna maka ɗan shagonta da ke jikin gidan kakanmu. Gaskiya suka faɗa maka, amma rabinta.

Tun muna yara ba ta iya barin abu a rufe. Tana shekara tara ta kwance rediyon kakanmu da wuƙar yankan albasa, wai tana son ta ga inda mai karanta labarai yake zama. Ta sha duka. Mako bai zagayo ba ta sauke agogon bango. Kakanmu falke ne na goro, mutum mai haƙuri, amma ranar sai da ya ce wannan yarinya ko ƙwai aka ba ta ajiya sai ta fasa ta duba ɗan tsako. Yanzu shekarunta talatin da takwas, da 'ya'ya biyu, mijinta yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema yana zuwa ƙarshen wata, kuma halin yana nan inda yake.

Bayan shagon akwai ɗakin da kakanmu yake ajiye huhunan goro. Wata rana na shiga neman tabarma na tarar da tsofaffin kwamfutoci uku a kan kanta suna gurnani, ga fanka a gabansu tana yi musu fifita kamar masu jego. Ta sayo su ne a Krofrom, a wani shagon intanet da ya rufe, ta ɗauko su a motar haya ta tirotiro ɗaya bayan ɗaya a kan cinyarta. Ta sa batir da faranti mai karɓar hasken rana a kan rufi saboda ɗaukewar wuta.

Na ce, "Ke kuma me kike kiwo a nan?"

Ta ce, "Aikin da ya fi kanka, malam. Ana ce masa tsarin da ba shi da saba."

"Mece ce saba?"

"Kwamfutar da ke zaune tana yi wa wasu hidima."

Na nuna mata ukun nan. Na ce to waɗannan fa, baƙi ne suka zo gaisuwa? Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce sabar tana nan, sai dai mai aikin ba ya ganinta kuma bai damu da ita ba. Kamfanonin ƙetare ma suna bayar da irin wannan haya, amma ita ba ta son lambobin wayar mutanen Zango su kwana a ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Ban da haka, abin da ba za ta iya buɗe cikinsa ba ba ya ba ta sha'awa.

Ni mutum ne mai tambaya, ita kuma mai son a tambaye ta, don haka na riƙa zuwa bayan an tashi daga makaranta. Ga abin da na gane. Kowane ɗan ƙaramin aiki tana rubuta shi daban, ta ƙulle shi tare da duk kayan da yake bukata a cikin abin da take kira kwantena, yadda ba zai taɓa na kusa da shi ba. Kwantenar ba ƙarfe ba ce, a cikin kwamfutar take, amma sunan ya dace. Duk suna kwance suna barci. Akwai wani shiri guda da ba ya barci, shi ne mai tsaron ƙofa. In wani ya danna waya yana neman aiki kaza, mai ƙofa ya tashi kwantenar aikin, ta yi abin da aka sa ta, in minti biyar suka wuce ba wanda ya sake nema sai ya mayar da ita barci. Shi ya sa tsofaffin kwamfutoci uku suke ɗauke da ayyuka goma sha huɗu ba su suma ba.

Akwai mai gaya wa mahauta cewa motar shanu ta iso daga arewa. Akwai mai aika wa iyaye sakamakon jarrabawa, wanda makarantarmu ma ta shiga, kuma ɗalibaina har yau ba su yafe mata ba. Akwai na wata mai ɗinki da ke sanar da mata cewa kayansu sun kammala. Na taɓa tambayarta ko kwantenar da ke barci tana mafarki. Ta ce in tafi in tambayi malaman da suka koya mini.

Aikin da ya fi dukkansu nauyi ya zo mata ne daga Baba Issifu.

Shekara talatin da ɗaya Baba Issifu yana sanar da rasuwa a unguwarmu a kan keke. Mu ba ma ajiye gawa. In mutum ya cika da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma 'yan'uwa sun bazu daga Aboabo har Atonsu. Sai shi ya zagaya lungu-lungu yana faɗa. Amma akwai ƙa'ida wadda kowane ɗan Zango ya sani ba tare da an koya masa ba. In rasuwar a waje ta faru, a hanya ko a asibiti, ba gida ake bugawa waya ba, masallaci ake bugawa. Daga nan Magajiya Uwa, shugabar matan unguwa, ta ɗauki dattijai mata biyu ko uku su shiga gidan. Su zauna da uwar mamacin ko matarsa, su karɓe wuƙa ko tukunyar da ke hannunta, su kawo ruwa kusa, sannan a faɗa mata. Sai an yi haka Baba Issifu yake ɗaga ƙafarsa ya hau keke. Alfaharinsa a duniya ɗaya ne: a cikin shekarun nan duka, ba uwar da ta taɓa jin mutuwar ɗanta daga bakin titi.

Da gwiwoyinsa suka ƙi keke, dattawan masallaci suka yi ta shawara. Ƙarshe Baba Issifu da kansa ya zo shagon yana dogara sanda. Ina wurin. Ya daɗe yana kallon kwamfutocin, ya tambaya wacce ce babbarsu. Sannan ya ce, "Barkisu, 'yata, abin da nake riƙe da shi ba aiki ba ne, amana ne. Na ba ki shi da tsabta. Ki riƙe shi da tsabta."

Ta ce, "In sha Allahu, Baba."

Ta naɗi muryarsa yana faɗin mafarin sanarwa kamar yadda ya saba, da salati da innalillahi, don kunnuwan mutane sun san wannan murya. Sauran kuwa Jibirin, sakataren masallaci, zai faɗi sunan mamaci da lokacin jana'iza a wayarsa ya danna. Kwantena ta tashi, ta haɗa muryoyin biyu, ta aika saƙon murya ga lambobi ɗari tara da wani abu. Ba ta manta da ƙa'ida ba. Ta gaya wa Jibirin a gabana cewa kada ya danna sai Magajiya ta shiga gida, ya ce wannan ai ko yaro ya sani.

Abin ya yi aiki. Mutanen Atonsu da a da suke isowa an riga an rufe kabari, yanzu suna samun sahun farko. Kowa ya yaba, ban da mutum ɗaya, wato ita mai abin.

Matsalar ita ce daga dannawa zuwa fitar saƙo minti ashirin da biyar ne. Sauran ayyukanta cikin ƙiftawar ido suke tashi, wannan kuwa sai ka ce ɗan makarantar da ake tasa asuba. Na tambaye ta dalili, ta zana mini a bayan takardar jarrabawa. Rasuwa ba kullum ake yi ba, alhamdu lillahi, kuma akwai wani shirin shara da ta sa wanda ke kwashe duk kwantenar da ta kwana biyu ba a nema ba don a samu fili. Saboda haka duk sanda Jibirin ya danna, sai an sake ɗauko kwantenar daga ma'ajiya, ga ta da nauyi saboda kayan haɗa murya, ga layin intanet ba ƙarfi, ga kwamfutar da ke yin aikin ita ce mafi tsufa a cikin ukun. Abin yana cin ranta ƙwarai. Takan ce minti ashirin da biyar a ranar jana'iza, ga cunkoson kasuwar Kejetia, shi ne bambancin wanda ya samu salla da wanda bai samu ba.

Na ce mata sannu ba ta hana zuwa. Ta ce ai shi ya sa ɗalibaina suke shekara uku a littafi ɗaya.

Akwai abin da ni da ita ba mu sani ba, sai daga baya muka ji. Jibirin ma ya lura da jinkirin, kuma shi mutum ne mai lissafin lokaci. Ya ga cewa daga masallaci zuwa gida mafi nisa a unguwar, tafiyar tsofaffin mata ba ta wuce minti goma sha biyar ba. In ya jira sai sun shiga sannan ya danna, an yi asarar lokaci sau biyu. Sai ya fara dannawa da zarar Magajiya ta sa takalmi a ƙofar masallaci. Kafin injin ya gama miƙa, mata sun isa, sun zauna, sun faɗa. Wata bakwai yana haka ba a taɓa samun matsala ba. Bai gaya wa Barkisu ba, don a ganinsa ba wani abin faɗa ba ne. Injin minti ashirin da biyar yake yi, kamar yadda shinkafa take da lokacin nunarta.

Ita kuma ta duƙufa gyara. Sati biyu tana sassaƙe kwantenar, ta zubar da duk abin da ba a bukata har ta koma kashi ɗaya cikin goma na nauyinta. Ta hana mai shara taɓa ta. Ta sa mai ƙofa ya bar guda ɗaya a farke kullum. Ta raba lambobin gida goma, yadda kwantena goma za su tashi tare kowacce ta ɗauki rabonta. Ta gwada da lambata da tata, abin ya zo kafin in ajiye kofin shayi. Ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Ta ce so take dattawa su gani da idonsu. Ni ma, Allah ya gani, na taya ta murna, kuma ban ga aibin yin shiru ba.

Ranar wata Laraba da hantsi, babu karatu a makarantarmu, ina zaune a shagon tana canza wa wani gilashin waya. Wayarta ta yi ƙara, irin ƙarar da take yi in wani aiki ya tashi. Ta leƙa. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Daƙiƙa takwas! Umoru, ɗari tara a daƙiƙa takwas!" Sai ta tuna wane aiki ne, ta sauke hannun ta ce innalillahi. Tawa wayar ma ta yi ƙara. Na danna.

Muryar Baba Issifu ta fara. Sannan ta Jibirin: Kamaldeen, direban babbar mota, ɗan Mma Humu mai koko, Allah ya yi masa rasuwa a hatsari a hanyar arewa da safen nan, ana tahowa da shi, jana'iza bayan la'asar.

Mma Humu tana layi na uku daga shagon. Kamaldeen shi kaɗai ne ɗanta namiji, kuma shi ya saya mata wayar da take hannunta. Ba ta iya karatu ba, amma ya koya mata danna ɗan alamar nan don jin murya, saboda ya riƙa aiko mata da saƙo daga hanya.

Ban san abin da ya taɓa zuciyar Barkisu ba, sai na ga ta kira Jibirin. Ta sa a lasifika.

"Malam Jibirin, Magajiya ta shiga gidan?"

"Yanzu-yanzu suka tashi daga nan. Kar ki damu koraa, ko kaɗan, Sista Barkisu, akwai lokaci. Injinki ai minti ashirin da biyar ne."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Barkisu ta saki abin kwance waya a ƙasa, ta fita. Mayafinta a hannu ta ɗauka. Na bi ta a baya, ni da babbar riga, mutane suna kauce mana. Duk inda muka wuce muryar Baba Issifu ce ke fitowa daga wayoyi, a wurin mai aski, a wurin mai gasa ayaba, kowa ya tsaya da abin da yake yi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na san ba mai gudun da zai riga abin da ya riga ya isa.

Mun tarar da Mma Humu ita kaɗai a tsakar gida. Ta gama cinikin safe, tana wanke babbar tukunyar koko, hannu ɗaya da kumfa. Wayar tana ɗaya hannun. Ba kuka take yi ba. Tana tsaye ne kawai, ruwan famfo yana zuba a kan ƙafarta.

Da ta ga Barkisu sai fuskarta ta saki, kamar ta ga mai ceto. Ta ce, "Yawwa, Allah ya kawo ki. Barkisu, abin nan naki ya lalace. Ji abin da yake faɗa. Sau uku na danna, abu ɗaya yake faɗa. Jiya ma Kamaldeen ya aiko mini magana. Karɓi ki gyara."

Ta miƙa mata wayar.

Na juya ina duban ƙofa ko Magajiya za ta shigo. Ba kowa. Barkisu ta karɓi wayar ta ajiye a kan turmi. Ta je ta rufe famfo. Ta ɗauke tukunyar daga gabanta, ta jawo kujera, ta kama hannun Mma Humu mai kumfar ta zaunar da ita. Na gane abin da take yi, abin da ta ga ana yi ne tun tana yarinya, sai dai ba ta taɓa yi ba kuma shekarunta ba su kai ba. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta ajiye kusa. Sannan ta durƙusa ta riƙe gwiwoyin tsohuwar.

"Mma, bai lalace ba. Sai haƙuri. Allah ya karɓi Kamaldeen."

Ba zan kwatanta ƙarar da ta biyo baya ba. Minti takwas aka yi kafin Magajiya da matanta su iso, kuma duk minti takwas ɗin nan Barkisu ce take riƙe da ita a ƙasa.

Bayan sadakar uku dattawa suka zauna. Wasu suka ce a koma keke, a nemi saurayi. Jibirin ya ce laifinsa ne, Barkisu ta ce nata ne, ta canza abin da mutane suka jingina da shi ba ta tambayi kowa ba. Ni da na san da gyaran, kaina a ƙasa yake. A ƙarshe Baba Issifu ya yi magana. Ya ce abin da ya tsare shekara talatin da ɗaya ya fashe, kuma ba zai yi ƙaryar cewa bai ji ciwo ba. Amma a bar mata aikin. Ya ce an gaya masa irin gudun da ta yi, kuma wadda ta yi wannan gudun sau ɗaya ba za ta yarda ta sake yi ba.

Yanzu kwantenar tana tashi a daƙiƙa takwas ɗinta, ta haɗa saƙo, ta tsaya. Ba ta aika komai sai Magajiya Uwa ta danna daga cikin gidan da nata yatsan. In awa biyu za a yi, awa biyu za ta jira.

Mma Humu ba ta sake bi ta gaban shagon ba har aka yi arba'in. Barkisu ta rame, ta daina tsokanata, abin da ya fi komai damuna. Sai wata rana da la'asar sakaliya muka ga tsohuwar a bakin ƙofa da wayar ƙulle a gefen zane. Barkisu ta miƙe tsaye.

Mma Humu ta ce, "Zauna. Gyara na kawo. Maganganun yaron nan suna ciki, nakan so in ji. Amma ni ban san rubutu ba. In na danna, wani lokaci shi ne, wani lokaci Issifu ne yake sake gaya mini. Kwana arba'in ke nan. Ki cire mini wancan."

Barkisu ta karɓa. Ta goge sanarwar, ta tattara saƙonnin Kamaldeen wuri ɗaya, ta sa hotonsa a kai, ta kafe shi a fuskar wayar inda yatsa zai fara sauka. Ta mayar mata.

Tsohuwar ta zauna a kan bencin masu jira, ta danna. Murya ta fito da ƙugin mota a bayanta.

"Mma, mun wuce Kintampo. Hanya lafiya lau. Kar ki sayar da kokon duka paa, ki rage mini na ƙasan tukunya."

Ta matsa gefe ta ba Barkisu wuri a kan bencin, ta sake dannawa.